Darasi na Tara: Tafiya da Aku Cikin Aminci

Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi zai iya bayyana dalilan da suka sa tafiya take wahalar da aku fiye da yadda take wahalar da mutum, ya san shirin da ya wajaba a yi kafin a fita da shi daga gida, ya gane alamomin galabaita tun ba su yi tsanani ba, sannan ya fahimci dokokin da suka shafi tsallaka iyakar ƙasa da wannan tsuntsu.

Gabatarwa

Aku tsuntsu ne da Hausawa suka daɗe da sani, har suna yi masa kirari da mai bakin magana, kuma duk wanda ya karanta Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda aka fara bugawa a 1937, ya san cewa aku ne mai ba da labaran da ke cikinsa, har hikimarsa ta kai shi ga sarautar waziri. Nau'in da aka fi ajiyewa a gidaje shi ne mai jiki ruwan toka da jar wutsiya, wanda masana suke kira Psittacus erithacus, kuma asalin mazauninsa kurmi ne, tun daga Gana da kudancin Nijeriya har zuwa Kamaru da Gabon da Kwango. Tsawonsa yakan kai kimanin santimita 33, nauyinsa kuma kusan giram 400. Akwai 'yan uwansa da suke rayuwa a dazuzzukan arewa, kamar tsirya mai koren jiki da doguwar wutsiya, kuma yawancin abin da za a faɗa a wannan darasi ya shafe su.

Aku da ya sami kulawa yana iya rayuwa shekara 40 zuwa 60, wanda ke nuna cewa da wuya ya ƙare rayuwarsa a ɗaki ɗaya. Za a yi wa mai shi sauyin wurin aiki, ko iyali su tashi daga wata unguwa zuwa wata, ko rashin lafiya ta sa a kai shi asibitin dabbobi, ko kuma ya koma hannun magada a wani gari. A duk waɗannan tafiye-tafiye ba a neman shawararsa, ba ya iya cewa yana jin ƙishirwa ko zafi ya dame shi, domin maganar da yake yi kwaikwayo ce a mafi yawan lokuta. Saboda haka nauyin kare ransa gaba ɗaya yana wuyan wanda ya ɗauko shi, kuma mafi yawan wannan aiki a gida ake gama shi kafin a tayar da mota.

Abin da Ya Sa Tafiya Take Wahalar da Aku

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne yadda jikin tsuntsu yake fama da zafi. Ɗumin jikin aku mai lafiya yana tsakanin digiri 40 da 41 a ma'aunin Salshiyos, wato ya haura na mutum da digiri 3 zuwa 4, kuma ba shi da hanyar yin gumi kamar yadda mutum ko doki suke yi. Idan zafi ya dame shi, abin da yake iya yi kawai shi ne ya buɗe baki yana haki, ya ɗaga fukafukansa daga jikinsa don iska ta ratsa. Wannan dabara tana aiki a kurmi inda akwai inuwa da danshi, amma ba ta isa a cikin rufaffiyar mota a Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, lokacin da zafin waje kansa yakan wuce digiri 40.

Abu na biyu shi ne numfashi. Baya ga huhu, tsuntsu yana da wasu siraran jakunkunan iska a cikin ƙirjinsa da cikinsa, waɗanda suke tura iska ta ratsa huhun ta fuska ɗaya ba tare da yankewa ba, ko yana shaƙa ko yana fitarwa. Wannan tsari shi ne yake ba shi ƙarfin tashi sama, amma kuma shi ne yake sa duk gubar da ke cikin iska ta shiga jininsa da sauri. Dalilin da ya sa ke nan masu haƙar kwal a Birtaniya suka riƙa shiga rami da ƙananan tsuntsayen kanari har zuwa 1986, domin tsuntsun yakan faɗi tun kafin mutum ya ji komai, sai ma'aikata su gane iskar ta gurɓata su fita. Hayaƙin salansa, da warin fetur, da hayaƙin sigari, da turaren wuta, da maganin sauro, waɗanda mutum zai iya daurewa da su na awoyi, suna iya kashe aku cikin ɗan lokaci.

Abu na uku shi ne ɗabi'arsa ta ɓoye rauni. A daji, tsuntsun da ya nuna alamar ciwo shi shaho yake fara hara, don haka aku yakan daure ya tsaya kan sandarsa kamar lafiyarsa ƙalau har sai ƙarfinsa ya ƙare. Mai shi da yake jiran ya ga tsuntsun ya kwanta kafin ya damu, sau da yawa yakan tarar aikin gama ya gama. Ga kuma firgici, domin aku tsuntsu ne mai kaifin hankali da saurin tsorata da baƙon abu, kuma tsoro mai tsawo yana raunana garkuwar jiki, ya ba cututtukan da suke kwance damar tashi.

Shawarar Farko da Ganin Likita

Kafin a fara maganar keji ko guzuri, tambayar da ta kamata mai aku ya yi wa kansa ita ce ko tafiyar ta zama dole ga tsuntsun. Idan ziyara ce ta kwana biyu ko uku, kamar zuwa biki ko hutun salla, kuma akwai amintaccen mutum da tsuntsun ya saba da shi, barinsa a gida ya fi alheri, domin da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Haka kuma ba a tafiya mai nisa da tsuntsun da ba shi da lafiya, ko macen da take shirin yin ƙwai, ko ɗan tsakon da bai fara cin abinci da kansa ba, sai dai idan wurin likita za a kai su.

Idan tafiyar ta tabbata, ya kamata a kai shi wurin likitan dabbobi kamar mako biyu kafin ranar, domin a auna nauyinsa, a duba numfashinsa da kashinsa, a kuma rage masa farata idan sun yi tsawon da za su iya maƙalewa a waya. Ana samun irin waɗannan likitoci a asibitocin dabbobi na gwamnatocin jihohi, da asibitocin koyarwa na jami'o'in da ke Zariya da Sakkwato da Maiduguri, sannan akwai cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom kusa da Jos. Wannan ziyara tana kare iyali ma, domin akwai wani zazzaɓi da mutum kan ɗauka daga tsuntsayen dangin aku idan ya shaƙi ƙurar busasshen kashinsu, kuma tsuntsun da tafiya ta galabaitar ya fi fitar da ƙwayar cutar. Bai halatta mai aku ya ba shi maganin barci ko na kwantar da hankali da kansa ba, saboda ɗan abin da zai sa mutum gyangyaɗi yana iya tsayar da numfashin halittar da ba ta kai rabin kilo ba, kuma tsuntsun da magani ya kashe wa jiki ba ya iya riƙe sanda idan mota ta yi tsalle.

Kejin Tafiya

Babban kejin da aku yake zaune a ciki a gida bai dace da tafiya ba, domin faɗinsa yana ba tsuntsun damar bugun fukafukai idan ya firgita, ya karya gashi ko ƙashi, kuma duk birkin da aka taka sai ya wurga shi daga wannan gefe zuwa wancan. Kejin tafiya ƙarami ne, gwargwadon yadda tsuntsun zai tsaya kansa bai taɓa rufi ba, ya juya wutsiyarsa ba ta lanƙwashe ba. Ana yin sa da roba mai ƙarfi ko katako mai kauri ko ƙarfen da ba ya tsatsa, tare da kafofin shan iska a aƙalla ɓangarori uku. Kwali da kwandon kaba ba su da amfani, domin bakin da yake fasa ƙwallo mai tauri ba zai ɗauki lokaci ba kafin ya huda su. Sabuwar wayar raga mai ƙyalli da tsohon fenti su ma abin gudu ne, saboda idan tsuntsun ya gwagwiye su yana iya haɗiyar sinadaran ƙarfe masu guba.

A cikin kejin ana kafa sanda ɗaya tak, ta itace marar santsi, mai kaurin da yatsun tsuntsun za su kama ba tare da sun zagaye ta gaba ɗaya ba, a ɗaure ta tamau a kusa da ƙasa domin ko ya faɗo kada ya ji ciwo. Ana cire lilo da ƙararrawa da madubi da duk wani abin wasa da zai iya kaɗawa ya buge shi. Ana shimfiɗa farar takarda a ƙasan kejin, domin tana hana santsi, kuma tana nuna launin kashin tsuntsun, wanda shi ne madubin lafiyarsa a kan hanya. Ƙofar kuwa sai an sa mata ɗan kwaɗo, saboda aku yana da wayon zare sakata da bakinsa. A jikin kejin ana rubuta sunan mai shi da lambar wayarsa da wurin da za a je.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a sayo kejin ranar jajibirin tafiya, a kama tsuntsun da ƙarfi a cusa shi ciki da asuba. Hanyar da ta dace ita ce a ajiye kejin kusa da mazauninsa tun saura mako biyu ko uku, a bar ƙofar a buɗe, a riƙa sa masa abin da ya fi so a ciki har ya fara shiga da kansa. Daga nan sai a rufe shi na ɗan lokaci, a ɗauke shi a zagaya tsakar gida, sannan a fara fita da shi a mota na minti biyar, a ƙara zuwa goma, a ƙara zuwa rabin awa. A wannan gwaji ne ake gane tsuntsun da motsin mota yake sa wa amai, sai a sanar da likita tun da wuri.

Abinci da Ruwa

Ba a sauya wa aku abinci a lokacin tafiya, kuma ba a barinsa da yunwa, domin jikin tsuntsu yana ƙona abinci da sauri. Ana ba shi ɗan abinci marar nauyi kamar awa ɗaya ko biyu kafin a tashi, sannan a ɗauki guzurin abin da ya saba ci wanda zai ishe shi har da ƙarin kwana biyu ko uku, tun da mota takan lalace a hanya, kuma ba lallai ne a sami irin abincinsa a inda aka sauka ba. Kwanon ruwa a cikin keji yakan zube tun a gargadar farko ya jiƙa tsuntsun, don haka dabarar da masu kiwo suke yi ita ce su sa masa 'ya'yan itatuwa masu ruwa, kamar yankan kankana da lemo da kokwamba da gwanda, sannan su miƙa masa ruwan sha duk lokacin da aka tsaya. Ya fi kyau a ɗebo ruwan daga gida a gora mai tsabta, saboda wasu tsuntsayen suna ƙin ruwan da ɗanɗanonsa ya bambanta da wanda suka sani.

Akwai abubuwan da abokan tafiya kan miƙa wa aku da kyakkyawar niyya alhali guba ne a gare shi. Fiya tana ɗauke da wani sinadari da yake lalata zuciyar tsuntsu, cakulan da kofi da shayi kuma suna hargitsa bugun zuciyarsa, haka ma goro, domin sinadarin da yake hana mai cinsa barci iri ɗaya ne da na kofi. Albasa da soye-soye da duk abin da gishiri ya yi wa yawa su ma ba nasa ba ne. Gyaɗa kuwa, duk da son da yake yi mata, sai an tabbatar busasshiya ce mai tsabta, saboda gyaɗar da ta yi fumfuna tana ɗauke da gubar da ke lalata hanta, kuma ƙurar fumfunar tana haddasa ciwon huhu mai wuyar magani, wanda aku mai ruwan toka yana cikin tsuntsayen da ya fi kamawa.

A Kan Hanya

Wurin da ya fi dacewa da kejin a motar gida shi ne kujerar baya, a zagaya shi da bel ɗin kujera a ɗaure yadda ba zai zame ba. Ba a sa shi a kujerar gaba, saboda jakar iskar da take fashewa lokacin haɗari tana iya murƙushe kejin, ba a kuma sa shi a but, inda babu iska kuma hayaƙin salansa yake taruwa. Ba a ɗaukar jarkar fetur a motar da aku yake ciki, ba a shan sigari, ana kuma cire abin ƙamshin da ake ratayawa a madubi. Idan motar tana da na'urar sanyaya iska, ana kunna ta daidai wa daida, a kawar da bakinta daga saitin kejin. Ana lulluɓe ɓangarori uku da yadi marar kauri mai hasken launi, a bar ɗaya a buɗe ta wajen wanda tsuntsun ya saba da shi, domin gilmawar manyan motoci da fitilunsu da daddare suna razana shi, muryar mai shi kuma tana kwantar masa da hankali.

Ana iya ɗaukar misalin iyalin da za su tashi daga Kano zuwa Abuja a watan Afrilu, tafiyar da ta haura kilomita 400 ta Zariya da Kaduna. Abin da ya dace shi ne su kama hanya da an sallame sallar asuba, domin su ci rabin tafiyar kafin rana ta yi zafi. Tun da kudu suka nufa, hantsi zai riƙa shigowa ta tagogin hagu, saboda haka sai a ɗaure kejin a ɓangaren dama. Idan sun tsaya a Zariya ko Kaduna don karin kumallo, sai a nemi inuwa nesa da motocin da injinsu yake aiki, a ɗaga gilasai, a rufe ƙofofi, sannan a buɗe kejin kaɗan a miƙa ruwa a sauya takardar ƙasa, a gama a mayar da kwaɗo kafin a sake sauke gilashi. Dole mutum ɗaya ya zauna tare da tsuntsun, ko a ɗauki kejin a tafi da shi inuwa, domin motar da aka kulle a rana takan haura zafin waje da digiri goma cikin kamar minti goma, kuma barin 'yar kafa a gilashi ba ya hana hakan.

Ƙa'idar rufe gilasai kafin a buɗe keji ba ta da togaciya. Ko akun da aka rage wa gashin fukafukai yana iya tashi idan ya firgita iska kuma ta taimaka masa, kuma tsuntsun da ya tashi a gefen babbar hanya, a wurin da bai sani ba, da wuya a sake ganinsa. Idan jami'ai a shingen bincike suka nemi ganin abin da ke cikin kejin, ana ɗaga yadin su gani ta raga, a nuna musu takardar likita cikin ladabi, a bayyana musu dalilin da ya hana a buɗe ƙofar a fili.

Lokacin hunturu matsalar takan juya, domin daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙura da busasshiyar iska da sanyin asuba ne abin tsoro ga tsuntsun da asalinsa ɗan kurmi ne. A irin wannan lokaci ana jinkirta tashi har rana ta ɗan ɗaga, a rufe gilasai, a ƙara kaurin yadin lulluɓi ba tare da an toshe kafofin iska ba. Wanda ba shi da motar kansa, ya fi masa ya biya kuɗin kujera biyu a tasha ya ajiye kejin kusa da shi, kada ya yarda yaran mota su ɗora shi a sama tare da kaya, ko su haɗa shi da kwandunan kaji. Murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatar da ɓullarta a Nijeriya a jihar Kaduna cikin Fabrairun 2006, da sauran annobar kaji, suna iya kama aku, shi ya sa ake nisanta shi da kasuwar kaji da motocin dakonsu. Babur da adaidaita sahu ba su dace da shi ba sai a gajeriyar tafiya ta larura, saboda iska da ƙara da hayaƙi.

Alamomin Haɗari da Taimakon Gaggawa

Aku mai lafiya a kan hanya yana tsaye daram a kan sandarsa, idanunsa a buɗe tar, gashinsa a kwance lumui, yana ɗan gyara jiki ko yana taɓa abinci, ko da ya rage surutu. Wanda zafi ya fara cin ƙarfinsa kuwa za a ga bakinsa a buɗe, harshensa yana motsi tare da haki, fukafukansa sun saki sun rabu da jiki, ƙafafunsa sun yi zafi, daga baya ya fara tangaɗi ya sauko ƙasan keji. Da zarar an ga haka sai a tsaya a inuwa, a fesa masa ruwa mai ɗan sanyi a hankali, a jiƙa masa ƙafafu, a yi masa fifita, a ajiye ruwan sha a gabansa. Ba a amfani da ruwan ƙanƙara, ba a kuma ɗura masa ruwa a baki da ƙarfi, domin yana iya bi ta hanyar numfashi ya shaƙe shi.

Sauran alamomin da ba a wasa da su sun haɗa da kumbura gashi tare da lumshe ido, da wutsiyar da take ɗagawa tana sauka tare da kowane numfashi, da amai a kai a kai, da kashi mai jini, ko a yi awoyi da yawa bai yi kashi ba sam. Idan sabon gashin da bai gama girma ba ya karye yana zubar da jini, ana danna wurin da tsumma mai tsabta, a barbaɗa masa ɗan garin filawa ko na masara, domin jinin da ke jikin aku kaɗan ne ƙwarai. Duk waɗannan taimako ne na ɗan lokaci kafin a isa wurin likita, shi ya sa mai hangen nesa yake neman sanin asibitin dabbobi na garuruwan da zai ratsa tun kafin ya bar gida.

Jirgin Sama da Tsallaka Iyaka

Kamfanonin jiragen sama sun bambanta a kan ɗaukar tsuntsaye, wasu ba sa karɓa ko kaɗan, wasu kuma suna karɓa a sashen kaya mai iska da daidaitaccen ɗumi, bisa ƙa'idojin jigilar dabbobi masu rai na ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, wato IATA. Wajibi ne a tuntuɓi kamfanin a sami amincewarsa a rubuce kafin a sayi tikiti, a kuma zaɓi jirgin da zai tafi kai tsaye a lokacin da rana ba ta da zafi. Ɓoye tsuntsu a jaka ko a cikin tufafi laifi ne, kuma yawanci gawarsa ake tararwa.

Batun tsallaka iyaka ya fi wannan nauyi. Akwai yarjejeniyar duniya da ake kira CITES, wadda aka sa wa hannu a birnin Washintan a 1973 ta fara aiki a 1975, domin sa ido kan cinikin namun daji da tsirran da suke fuskantar ƙarewa, kuma Nijeriya da Nijar da Gana da Kamaru da Cadi da Sudan duk suna cikinta. A taron da aka yi a Johannasbag a 2016, an mayar da aku mai ruwan toka rukuni na ɗaya, wato rukunin da ya fi tsananin kariya, inda aka haramta cinikin waɗanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe, matakin da ya fara aiki a Janairun 2017. Dalili shi ne yadda kamu da saran daji suka cinye su, har wani bincike da aka wallafa a 2016 ya nuna cewa Gana ta rasa kashi 90 zuwa 99 cikin ɗari na nata tun daga 1992.

Ma'anar wannan ga mai aku ita ce, ko daga Katsina zuwa Maraɗi zai kai tsuntsunsa, ko daga Illela zuwa Ƙonni, sai ya sami izinin shigarwa daga ƙasar da za shi, da izinin fitarwa daga ƙasar da zai bari, tare da takardar shaidar lafiya. A Nijeriya Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ce take ba da izinin CITES, hukumar NESREA tana tilasta bin dokar kare namun daji, hukumar NAQS kuma tana kula da lafiyar dabbobin da suke shiga da fita. Za a nemi hujjar cewa an mallaki tsuntsun ta halastacciyar hanya, kuma mafi ƙarfin hujja shi ne rufaffen zobe mai lamba da ake zura wa ɗan tsako a ƙafa tun yana ƙarami, wanda ba ya shiga ƙafar babba, ko wata 'yar na'ura mai girman ƙwayar shinkafa da likita yake dasawa a tsokar ƙirji. Ƙasashe da yawa suna killace tsuntsun da ya shigo, wato su ware shi su sa masa ido, kamar Amurka da take killacewa na kwana 30. Waɗannan takardu suna ɗaukar watanni, kuma wanda ya sayi aku a bakin hanya ba tare da sanin asalinsa ba zai iya rasa shi a hannun jami'an kwastan, baya ga cewa kuɗinsa ya taimaka wajen ƙarar da na daji.

Bayan An Isa

Isa masauki ba shi ne ƙarshen kulawa ba. Ana ajiye tsuntsun a ɗaki mai iska, nesa da madafi da janareta da kaskon garwashi, a tabbatar ba a fesa fiya-fiya ko wani maganin sauro a ɗakin ba, a kashe fanka ta sama kafin a fito da shi, a kuma kiyaye shi daga kyanwa. Ana ba shi ruwa da abincin da ya saba, a hana yara da baƙi taruwa a kansa, a bar shi ya sami barcin awa 10 zuwa 12 cikin duhu da shiru. Rage ci da magana a rana ta farko ba abin tayar da hankali ba ne, amma idan ya yini ya kwana bai ci komai ba sai a nemi likita. Idan akwai wasu tsuntsaye a gidan, ana ware baƙon na kamar wata ɗaya kafin a kusantar da su.

Taƙaitawa

Darasin ya nuna cewa abubuwa huɗu ne suka fi halaka aku a tafiya, wato zafi, da gurɓatacciyar iska, da firgici, da kuɓucewa, kuma kowannensu ana iya kauce masa da shirin da ake yi a gida, domin rigakafi ya fi magani. Ya zo a hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito cewa an azabtar da wata mata saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ta nemi abincinta ba, kuma malamai sun fahimci daga nan cewa duk wanda ya tsare dabba ya ɗauki amanar ci da sha da lafiyarta. Tsuntsun da aka rufe a keji aka ɗora a mota ya fi kowane lokaci dogara ga mai shi, tun da ko inuwa ba zai iya matsawa ya nema da kansa ba.

Tambayoyi

1. Waɗanne siffofi uku ne na halittar aku suke sa tafiya ta yi masa wahala?
2. Me ya sa babban kejin gida bai dace da tafiya ba, kuma yaya kejin tafiya ya kamata ya kasance?
3. A kawo abubuwa biyar da ba a ba aku, tare da bayanin illar biyu daga cikinsu.
4. Waɗanne alamomi ne suke nuna zafi ya galabaitar da tsuntsu, kuma wane taimako ake ba shi nan take?
5. Waɗanne takardu ake bukata kafin a kai aku mai ruwan toka daga Nijeriya zuwa Nijar?

Aikin Yi

Ɗalibai su kasu rukuni-rukuni, kowane rukuni ya zaɓi wata tafiya daga garinsu zuwa wani gari mai nisan da ya kai awa huɗu a mota, su rubuta tsarin shirin mako uku kafin ranar tafiya, da lokacin tashi, da wuraren tsayawa, da ɓangaren motar da za a ɗaure kejin bisa la'akari da inda rana za ta kasance, sannan su karanta wa sauran 'yan aji domin a tattauna.